Famfon Manaja

Shagona da na Injiniya katako ɗaya ne ya raba su, katakon ma irin na silin, wanda in ka jingina da shi sai ya yi ciki. Ni makulli nake yankawa. Shi kuma rediyo yake gyarawa, da talabijin, da lasifika, da duk abin da ke cin wuta in ya yi gardama. Mun haura shekara talatin a haka, a layin da ke bayan tashar mota, tsakanin mai facin taya da wata mata mai ɗinkin labule. Ba zan yi ƙarya in ce muna shiri ba. Shi ya ce injina ne ke girgiza masa tebur, ni na ce hayaƙin dalmarsa ne ya sa mini tarin da har yau likita bai gano kansa ba. Sai dai duk safiyar da ya makara bai buɗe ba, nakan tsinci kaina a bakin ƙofa ina leƙen kwanar layi, ina ce wa mutane iska nake sha.

Bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba. 'Yan layi ne suka laƙa masa sunan, ya bi shi har jikokinsa ma da shi suke kiran sa. Ɗan direban babbar mota ne. Uban ya so ya gaje shi, amma yaron ko kujerar gaba aka ɗora shi sai jiri da amai. Abin da ya ɗauke masa hankali a motar rediyonta ne kawai, kuma wata rana da uban ya kwanta hutawa ya kwance ta gaba ɗaya, ya jera kayan cikinta a ƙasa, ya kasa mayarwa. Bayan uban ya huce, sai ya kama hannunsa ya kai shi wajen wani mai gyara ya ce, tunda ɓarna ya iya, a koya masa wadda za a ci abinci da ita. Injiniya ya ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, kuma kowane karo rediyon sai ta ƙara girma.

Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka gyara liƙi ne. Rabinsa cirewa ne, kuma shi ne rabin da ya fi wuya. A cikin kowace rediyo akwai wani koren faranti da suke kira fanel, ƙananan kaya na zaune a kansa, kowanne ya zura ƙafafunsa ta rami, an liƙe su ta baya da dalma. In abu ya mutu, sai ka narkar da dalmar da ƙarfe mai zafi, ka kwashe ta kafin ta sake daskarewa, sannan ƙafar ta saki. Abin kwashewar shi ne famfo. Kamar babban sirinji yake, da sifirin a cikinsa. Ka danna sandar da babban yatsa har ta ɗanu, ka kai bakinsa kan narkakkiyar dalma, ka taɓa maɓallin gefe, sandar ta harba baya ta zuƙe. Ƙarfe a hannun dama, famfo a hagu. Tsakanin ɗaga ƙarfe da daskarewar dalma kuwa ƙiftawar ido ce. Ka makara, ka zuƙi iska. Ka yi ta maimaitawa, zafi ya ɗaga siririyar tagullar da ke manne a jikin fanel, ka kashe abin da aka kawo maka da sauran ransa.

Ni dai ban taɓa ganin famfon nan a hannun Injiniya ba sai bara.

Dalili kuwa, yana ango, watanni kaɗan da aure, ya kai hannu zai ɗauki ƙarfe idonsa na wani wuri, ya damƙe shi ta wajen wutar. Babban yatsansa na hagu ya soye. Amaryar ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi yana kokawa, yatsa a naɗe, yana danna sandar famfo da haɓa. Ta ajiye kwanon, ta jawo wata 'yar kujera, ta karɓe famfon ta ce ya nuna mata, za ta riƙe masa kafin yatsan ya warke. Yatsa ya warke kafin wata ya ƙare. Ita kuwa ba ta tashi daga kujerar ba. A haka na zo layin na same su, kuma duk lokacin da tsokana ta motsa mini sai in ɗaga murya ta bayan katako in ce, "Injiniya, ya jikin yatsa?" Shi kuma ya amsa ba tare da ya ɗago ba, "Da sauƙi, amma da saura."

Manaja muke ce mata, don ita ke yanke wane aiki za a karɓa, wanne za a ce wa mai shi ya haƙura ya sayi sabo. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau da igiya, maganarta ba yawa kuma ba ragi. Ta taɓa ce mini in na rage surutu tarina zai ragu. Na kwana biyu ban gaishe ta ba, ita ko ba ta ma lura ba.

Yadda suke aiki abin kallo ne. Ba sa magana. Shi zai ɗora ƙarfe a kan ƙafa, su biyu su zuba wa wurin ido. Dalma in ta narke takan sauya fuska, ta bar dushewa ta yi ƙyalli. A daidai nan zai ɗaga ƙarfen, ya karkatar da hannu dama, ya ja kafaɗarsa baya kaɗan, hannunta ya shigo ta gurbin da ya bari. Tas. Ramin ya fito fes, har kana hango haske ta cikinsa. Bai taɓa ce mata "yanzu" ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ko ranar da suka yi faɗa a gida, kuma sukan yi, don nakan ga yadda take dire masa kwano, hannayen nan ba su san an yi ba.

A ƙarƙashin teburin nan 'ya'yansu suka yi rarrafe. Mazan biyu sun yi nisa, suna kira in sun tuna. Auta, macen cikinsu, tana aure a wani gari mai tafiyar yini, tana aiki a kantin magani. Ita ce mai zuwa.

Ciwon Manaja bai ja ta ba. Suna cikin aiki ta ce tana ganin jiri, ta ajiye famfo a kan tebur da sandarsa a ɗane, ta ce bari ta je gida ta ɗan kwanta. Ba ta sake shigowa layin ba. Allah ya jiƙanta.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, Injiniya ya dawo ya buɗe shago. Ya koma riga kowa zuwa, kuma shi ne na ƙarshen tashi, don gidan ba kowa sai agogon bango. A tsaye yake cin abinci, a bakin ƙofa, yana kallon motoci. Famfon kuwa yana nan inda ta ajiye shi, a ɗane. Makonni suka wuce bai taɓa maɓallin ba. In zai share tebur sai ya share kewayensa. Ya fi kowa sanin cewa ba a barin sifirin a matse, yakan gaji, amma yatsanta ne ya ɗana shi, kuma bai so ya zama shi ne ya sake shi. Ƙananan ayyukan da ba sa bukatar cirewa ya yi ta yi, sauran ya jera su a kantar ajiya.

Ranar da dole ta sa ya taɓa maɓallin, sandar ba ta harba ba, rarrafawa ta yi. Ya kawo mini shi shagona kamar mai kawo mara lafiya. Na murɗe bakin, garin dalma ya zubo a tafin hannuna kamar ƙaiƙayi.

"Dama ana buɗe shi?" in ji shi.

"Kai nake tambaya. Wa ke wanke shi?"

Ya bi garin dalmar da kallo. Ashe duk ƙarshen mako Manaja kan jefa famfon a jakarta ta tafi da shi gida, ta buɗe, ta kakkaɓe, ta goge cikinsa, ta shafa wa zoben robar ɗan giris. Shi kuwa duk shekarun nan ya ɗauka tsoron ɓarayi take yi. Na wanke masa shi iya iyawata, ya ɗan farfaɗo, amma ƙarfin da can ya tafi. Ga kuma yatsan. Bayan shekara talatin yana ƙarya, ya zo ya yi gaskiya: sanyin ƙashi ya kama gaɓar, in ya danna sanda sai ya cije leɓe.

Amma babbar matsalar ba famfo ba ce, ba kuma yatsa ba. Na tsaya a ƙofarsa wata rana na gani da idona. Ya ɗana famfo da ƙyar, ya riƙe shi a hagu, ya ɗora ƙarfe. Dalma ta yi ƙyalli. Ya ɗaga ƙarfe, ya karkata dama, ya ja kafaɗa baya, ya tsaya. Famfon na hannunsa, shi kuma yana jira. Kafin ya tuna cewa hannun da ake jira nasa ne, dalma ta dushe. Ya sake ɗora ƙarfe, ya sake yin haka ɗin dai. Na koma shagona.

A haka ya ƙona wa wani mai hayar kayan sauti fanel ɗin injin lasifika. Tagulla ta ɗago ta nannaɗe, mutumin ya tsaya a tsakiyar layi yana faɗin maganganu, Injiniya na tsaye hannu a baya kamar ɗan makarantar da aka kama. Daga nan masu kawo aiki suka fara wucewa ta gabansa da rediyo a hammata, suna gaishe shi da ladabi suna yin gaba.

Sai ga Auta. Ta tsaya a tsakiyar shagon tana bin kayan da ke kantar da kallo.

"Baba, duk wannan na mutane ne?"

"Suna kan layi."

"Wannan talabijin tun wancan zuwan nawa take nan." Ta zauna a bakin tebur. "Na gyara maka ɗaki, Baba. Tagarsa na kallon bishiya. Yara sai tambaya suke yaushe Injiniya zai zo."

"Ina da aiki, Auta."

"Wane aiki? Dubi wuyanka. Jiya me ka ci?"

Ya juya wata ƙusa a hannu ya ce, "Ranar da na tabbatar aikin nan ya fi ƙarfina, ni da kaina zan kira ki. Kafin nan kar a sake ta da maganar."

Da za ta tafi ta leƙo shagona. "Kawu, kai ne kusa da shi. In ka ga abin ba ya yi, don Allah ka faɗa mini gaskiya." Na ce to. A raina kuwa na san ɓangaren da nake. Tawa matar ta riga Manaja rasuwa da daɗewa, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. In aka ɗauke Injiniya, wa zan yi wa gori da safe? Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, na kuwa ƙudurta sai mutumin nan ya iya aikinsa ko da tsiya.

Na fara da miƙa kaina. Na ce zan riƙe masa famfo, ai ni ma aikin ƙananan abubuwa nake yi. Na shiga na jawo kujerar Manaja zan zauna.

"Ba nan ba," ya ce.

Na tsaya a sunkuye, bayana na ƙara. Na farko na yi gaggawa, na zuƙi iska. Na biyu na makara. Can kuma na kai bakin famfon kan ƙarfen kansa, robar ta narke ta karkace, wari ya cika shago.

"Kai ka ɗauka fanel ƙofar gareji ce?"

"To kai ma sai ka ce yanzu mana."

"Ba a cewa."

"Ta yaya mutum zai sani?"

"Gani ake yi."

Na ce ya riƙe ganinsa, na fice. Famfon Manaja dai ya gama aiki daga ranar, kuma da hannuna. Ya naɗe shi a tsumma ya sa a aljihun tebur.

Washegari na ja shi kasuwa wajen Dogo mai kayan gyara, wani gajere kamar turmi, shi ya sa sunan ya zauna masa. Dogo ya baje mana abin da yake da shi. Akwai na roba mai kamar ƙwallo, ka matse ka saki, Injiniya ya ce wannan sai dai a share wa jariri hanci. Akwai zaren tagulla mai shanye dalma, ya ce yana da kyau a shafe saura, amma ba ya kwashe rami mai zurfi. Akwai na lantarki mai kamar bindiga, ƙarfe da famfo a haɗe, ya ji ƙararsa ya ce maƙwabci ɗaya mai inji ya ishe shi. Hannunsa sai komawa yake kan wani dogo shuɗi na roba, ɗan'uwan tsohon. Ya ɗana shi da hannu biyu, ya toshe bakin da yatsa, ya taɓa maɓalli. In sandar ta koma a hankali tana jan fatar yatsa, zoben ciki na da lafiya. In ta harba nan take, iska na shiga ta wani wuri. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Dogo na ƙorafin za a gajiyar masa da kaya kafin a saya.

"Baba, bar waɗannan," in ji Dogo, ya zaro wani ɗan gajere mai jikin alminiyam. "Ga naka. Manyan nan suna da ja, amma suna harbi, sai su girgiza maka fanel. Wannan ba ya harbi. Ba ruwansa da yatsa kuma, a gefen tebur za ka danna shi. Yana buɗewa a wanke. Ka ga bakinsa? Roba ce mai laushi da wuta ba ta ci, in ta gaji ka zare ka sa wani guntu. Ba sai ka ɗaga ƙarfe ba. Ka kifa shi a kan ƙarfen da dalmar gaba ɗaya, ka taɓa."

"Ba a ɗaga ƙarfe?"

"Ba a ɗagawa. Na mutum ɗaya ne."

Injiniya ya ajiye shi a hankali, ya ɗauki shuɗin. Na san taurin kansa, don haka da ya juya baya na sayi gajeren da kaina. Da muka dawo na dire masa a tebur na ce kyauta ce, ba don halinsa ba. Bai ko cire shi daga leda ba, ya tura shi aljihun tebur. Shuɗin kuwa bai canza komai ba. Famfo sabo, kafaɗa tsohuwa.

Wata rana da hantsi sai ga Mai Kaji ta sauko daga tasi da sauri, riƙe da wani abu a naɗe cikin tawul. Mace ce mai ƙyanƙyasar ƙwai da inji tana sayar da 'yan tsaki, ta daɗe tana kawo wa Manaja aiki. Injin ya daina ɗumi tun safe, ga shi cike da ƙwai, saura kaɗan su fara fashewa. Ta lulluɓe su da barguna, ta jera kwalaben ruwan ɗumi, ta kwance fanel ta taho. Ta biya wajen wasu masu gyara, duk sun ce sai dai a yi odar sabo daga wani gari.

"Injiniya, ba su da yini," ta ce. "In rana ta karkata ban mayar ba, sai dai in zubar."

Ya ɗora mitar gwaji ya bi hanyoyin wutar, nan da nan ya gano mai laifin: rile, wani ɗan baƙin akwati kamar ƙwayar sukari, shi ke kunna hitar da ke ɗumama ƙwan ya kashe. Yana da sabo a ajiye. Sai dai ƙafa biyar gare shi, fanel ɗin kuma mai kauri ne, tagulla gaba da baya, dalma ta cika ramukan har ciki. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce wa Mai Kaji ta zauna a benci a waje.

Ya ɗana shuɗin da hannu biyu. Ƙarfe, ƙyalli, kafaɗa baya, jira. Ya makara. Ya sake, wannan karon ya yi sauri, famfon ya yi harbi, fanel ya yi tsalle, rabin dalmar ta zauna a rami. Zoben tagullar da ke kewaye da ƙafar ya fara baƙi, gefensa ya ɗan ɗago. Na gane abin da ke tafe, don na ga na mai lasifika. Daga waje ina jin Mai Kaji tana tashi tana zama.

"Ɗauko gajeren," na ce.

Ya sake kai hannu kan shuɗin.

"Ba don kai ba, ba don ni ba. Matar nan na waje."

Ya ja aljihun tebur, ya yage ledar. Ya kifa sandar a gefen tebur ya danna da nauyin hannunsa, ta ɗanu ba wahala. Ya ɗiga wa ƙafar sabuwar dalma, don tsohuwar da ta sha wuta ba ta gudu sai an yi mata rakiya. Ya ɗora ƙarfe. Ina tsaye a bayansa, na ga ƙyallin ya zo, na kuma ga kafaɗar ta fara tafiyarta. Sai kawai na dafa ta da tafin hannuna na tsayar.

"Kar ka matsa," na ce. "Ba mai shigowa, Injiniya. Kai ne."

Ban san daga ina maganar ta fito ba, kuma da ana mayar da magana da na mayar. Na ji bayansa ya sandare a ƙarƙashin hannuna. Sannan hannun hagu ya taho, ya kifa bakin famfon a kan ƙarfen. Tas. Ya ɗaga fanel wajen taga. Rami fes, haske na wucewa.

A ƙafa ta biyu hannuna na nan. Daga nan na janye, kafaɗar ba ta motsa ba. Kowane karo yakan danna sandar ta tofar da guntun dalma a tebur, ya ɗana, ya kifa, ya taɓa. Da ya gama ta ƙarshe ya juya fanel, rile ya faɗo da kansa, ba a ja shi ba. Liƙi kuwa bai taɓa ba shi wuya ba. Ya dasa sabon, ya haɗa fitilar gwaji a madadin hita, ta kama. Ya kusantar da wayar jin zafi wajen ƙarfe, fitilar ta mutu. Ya janye, ta dawo. Mai Kaji ta naɗe abinta a tawul tana ta shi masa albarka, ta tsayar da tasi tun bakinta bai rufe ba. Daga baya na ji yawancin ƙwan sun fito.

Ni kam daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Na sauko masa da talabijin ɗin da Auta ta yi magana a kanta, na ce a buga tun da zafi. Ya buɗe ta, ya cire abu ɗaya, fes. Ya cire wani, fes. Sai ya miƙa hannu ya zare wayar ƙarfe daga bango, da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Ka ga ya yi," na ce. "Sai a gaya wa Auta ta zuba kayanta a ɗakin da ta gyara maka."

"Ya yi."

"To me kuma?"

Ya juya gajeren famfon a tafin hannunsa. "Duk watannin nan, kullum na zauna, aikin sai ya ƙi. Ina jin haushi, amma in ya ƙi na san dalili. Akwai wadda ba ta zo ba. Yanzu ba ya ƙi." Ya ajiye shi. "Ka gane? Aikin bai ma san ba ta nan ba."

"Ai haka ake so."

"Haka kake so. Ni ba zan iya zama a nan kullum yana yi ba."

Ya laluba aljihu ya fito da waya, ya miƙo mini, don ba tabarau ba ya ganin ƙananan rubutu, kuma bai da niyyar mayar da shi. "Nemo mini Auta."

"Cewa ka yi sai ranar da aikin ya fi ƙarfinka."

"Na ɗauka shi ne zai fi ƙarfina."

Na so in ce ba caji, na so in ce ba sabis. Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi, da Dogo, da hannuna da ya dafa kafaɗar nan. Na nemo sunan na danna. Ƙarar farko ba ta ƙare ba ta ɗauka.

"Auta, Kawunki ne. Lafiya lau, kar ki tsorata. Ga babanki."

Na miƙa masa na fita. Akwai wani mutum a ƙofata tun ɗazu yana jira da makullin gidansa. Na ɗaura shi a inji, na yanka, na haɗa da na asali, bai yi daidai ba. Na ɗauko wani na sake, shi ma haka. Mutumin ya dube ni ya ce in ba na jin daɗi ne ya dawo gobe. Na ce masa ya tsaya kawai, goben ba za ta fi yau ba.